Ranar da Kawu Ya Buɗe Haƙorinsa Ya Sha Iska a Maigatari

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da kawuna, daga ƙauyenmu na bayan Sule Tankarkar. Kwana shida yana fama da haƙori, kumatunsa na hagu ya yi suntum. Ba kowane haƙori ba ne kuwa, turmi ne, shi kaɗai ya rage masa mai abokin tauna a sama. In ya tafi, goro ya tafi, nama ya tafi, sai kunu. Mai cire haƙori na kasuwa ya yi masa tayin filaya, Kawu ya fatattake shi.

Ɗan acaɓa ya kwashe mu zuwa Ɗanzomo, yashi na fizgar taya, duk ramin da muka faɗa sai Kawu ya yi salati ta hanci. A nan na sha koko da ƙosai yana ta harara ta. Motar Gumel kuwa kuɗinta ya hau, jikinta ya sauka, da igiya aka ɗaure ƙofar da nake jingine.

Da hantsi adaidaita sahu ya sauke mu a wani asibitin haƙori a Gumel. Likitar matashiya ce, ba ta da yawan magana. Ta ɗauki hoto, ta ce ba sai an cire ba. Za ta huda haƙorin, ta fitar da jijiyar da ta ruɓe, ta wanke ramukan saiwarsa. Matsalar ita ce saiwar ta lanƙwashe kamar lauje, ga ƙananan lunguna da ƙarfe ba ya kaiwa, can ƙwayoyin cuta ke laɓewa. Nan fa idon Kawu ya buɗe, domin shekara arba'in ya yi yana haƙa rijiya da yasarta. Ya ce ai aikinsu ɗaya, har ya shiga ba ta shawara.

Ta yi masa allura, ta shimfiɗa wata roba a bakinsa, haƙorin kaɗai ya leƙo. Ta riƙa zura siraran ƙarafa, ta ɗura ruwan magani mai warin bilic da sirinji, ta sa wata na'ura mai tsuwwa ta girgiza ruwan don ya ratsa lungunan, ta zuƙe, ta sake. Daga ƙarshe ta zuba magani, ta toshe da ciko na wucin gadi, ta ce mu dawo bayan mako biyu.

Da na san abin da zai biyo baya, da gida muka wuce. Amma ciwo ya lafa, ranar kuma kasuwar Maigatari ke ci, Kawu ya kafe sai ya ga dabbobi. Manyan motoci sun yi jerin gwano, raƙuma na kallon mutane a wulaƙance, 'yan Damagaram na ciniki suna jefa Faransanci. Na bar shi a rumfar mai tsire na je alwala. Ina dawowa na tarar ya hangame baki yana fuskantar gabas, tsinken sakace a hannu, farin cikon nan a tafinsa.

Na rafka salati. Shi kuwa hankalinsa kwance. Wai yarinyar ta iya yasa, amma ta yi kuskure ɗaya: a sana'arsu ba a rufe rijiya ranar da aka yashe ta, sai ta sha iska warin ya fita. Kafin na dawo ma har ya ɗanɗana tsire yanka biyu.

Ban tsaya musu ba, na tusa shi a mota muka koma Gumel, muka sami likitar tana shirin tashi. Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta jawo kujera ta zauna.

"Baba, in kun yashe rijiya, kukan bar ruwan kwata ya gangara ciki?"

Ya ce subhanallahi, wa zai yi haka.

"To yawun baki shi ne kwatar. Lungun da na sha wuya kafin magani ya kai, shi cikin minti ɗaya ya isa. In aka sake buɗewa, sai filaya."

Kawu ya hau kujera ya buɗe baki. Aka sake wanki tun daga farko, har da ɓurɓushin ƙuli a abin da ta zuƙo. Wannan karon bai ba da shawara ba.

Gab da magariba muka iso gida. Maƙwabta suka taru yi masa sannu, kowa na son ganin aikin, Kawu ya datse baki, da ka yake amsa gaisuwa don kada iska ta shiga. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, gwani a sana'arsa ya fi kowa wuyar jinya, kuma ba a barinsa shi kaɗai ko na alwala ɗaya.

Haushinsa nake ji har aka watse. Sai ya jawo hannuna, ya yi magana ta gefen baki, a hankali.

"Ɗan nan, ba taurin kai ba ne, tsoro ne. In wannan ya fita, na zama tsoho."

Shekarunsa saba'in da ɗoriya. Na so in yi dariya, tausayinsa ya hana ni. Na ce masa ranar komawa ni zan zo in tashe shi.