Gyauron Bayan Coci

Ban taɓa shiga aji ba, amma Allah ya ba ni ido. In mutum yana yi mini magana yana duban ƙafarsa, na san akwai abin da ya binne.

Shekarar da ɓarayin daji suka tashe mu daga ƙauyenmu na wajen Bilbis, abin da na ɗauko bai wuce zanen jikina da ƙullin irin dawa ba. Kaura ce, mai ƙwaya rawaya, irin da uwata ta gada wajen uwarta. Mu can ba ma sussuke iri. Kowace kaka mukan zaɓi manyan zangarniya mu rataye saman murhu, hayaƙi ya tsare su daga ƙwari har ruwa ya sauka. Wannan ƙullin kaɗai ya rage, don an ƙone rumbunanmu.

Mun sauka Tsafe, a harabar coci. Ɗana ya zo ya tafi da ni Gusau, inda yake haya ɗaki ɗaya, matarsa na girki da gawayi a bakin ƙofa. Babu wurin rataya. Sai na koma Tsafe na kai ƙullin wajen dattijon ikilisiyarmu, wanda ya zauna a ɗakunan bayan cocin da iyalinsa da na ƙanensa wanda aka kashe. Shi ke ɗauke da kwanon baiko, wato sadakar coci, ranar Lahadi tun ina da sauran ƙarfi.

"Dattijo, iri ne, ba abinci ba."

"Haba Inna, sai ka ce yau kika san ni? Ki tahi da hankali kwance."

Ban tafi da hankali kwance ba. Saurin amsarsa bai yi mini ba.

Da bazara ta yi, wani ɗan uwa a wajen Bungudu ya ce zai ara mini gefen gonarsa. Na hau mota na je Tsafe karɓar irina. Dattijo ya ce ɗakin da ya ajiye shi a kulle yake, makulli na hannun matarsa, ta tafi kasuwa. Na koma wani makon, ya ce ya kai ajiya gidan wani a cikin gari, mai gidan kuma ya yi tafiya. Yana magana yana duban ƙafarsa. Na leƙa saman murhunsu, igiya ce kawai ke lilo. Matarsa ta kawo mini ruwa ba ta yarda mun haɗa ido ba.

"Wane gida ne? Mu je yanzu."

"Inna, ke dai ba ki yarda da kowa. Ko mala'ika ya sauko sai kin lalube mashi aljihu."

"In yana duban ƙafarsa, zan lalube."

Aka yi shuka babu ni. Na zauna Gusau ina jin ruwa na dukan kwanon rufi, ina tunanin uwata. A sujada in fasto ya ce Ubangiji mai aminci ne, sai in ce Amin da baki, zuciyata kuwa tana tambaya: to, ina irina? Na zargi dattijo da sayarwa. Na zargi matarsa. Har yaron da ya ɗauko mini ƙullin daga tasha sai da na yi masa kallon banza.

Cikin damina zumuntar mata ta yi taro a Tsafe. Aka raba mu shara, ni aka ba ni bayan coci. Can kusa da katanga, inda ba a bi, na ga karan dawa sun tashi cunkus, ba layi ba kunya. Gyauro ne, wato abin da ya zube ƙasa ya tsiro da kansa. Wata ta ɗaga fartanya za ta sare.

"Ajiye! Wa ya yi sussuka a nan?"

Babu mai sussuka a bayan coci sai wanda ba ya so a gan shi. Na kira dattijo na nuna masa. Ya cire hularsa.

"Inna, yara sun kwana biyu ba su ci komai ba. Ɗiyan ƙanena na kuka. Nan muka buge shi, ni da matata. Na rasa bakin da zan faɗa miki."

"Yunwar na yafe tun yanzu. Yawon da ka sa ni da ƙarya, shi ne zai ɗauki lokaci."

Ko a lokacin ban saki jiki ba, don dawa duk kamarta ɗaya kafin ta fitar da kai. Na sa aka kewaye wurin da ƙaya saboda awaki. Duk sanda na samu mota sai na zo na duba, ina ƙirga karan da ido ko wani ya taɓa. Da ta nuna na murza zangarniya ɗaya a tafin hannuna. Rawaya ce, kaurar uwata.

Na tsaya nan na yi kuka. Mutumin da na ba amana ya ci ta, ni kuma na shafe damina ina tuhumar Ubangiji. Shi kuwa ya ciyar da marayu da irin, ya kuma ɓoye mini saura a ƙasa, a daidai wurin da aka yi laifin. Bai jira ɗayanmu ya gyaru ba kafin ya saukar da ruwa a kai.

Na yanke zangarniyar da hannuna. Ranar godiyar kaka na kai ɗaya gaban bagade. Sauran na raba gida uku, don ba zan ƙara tara su hannun mutum ɗaya ba. Dattijo ya biyo ni bakin ƙofa, ya ce ko zan ba shi ɗaya ya rataye. Na dube shi sosai. Wannan karon fuskata yake kallo. Na ba shi, na ce zan zo in gan ta saman murhu kafin Kirsimeti. Na kuwa je. Tana nan, hayaƙi ya fara baƙanta ta.