Fitilar 'Yan Tsaki a Kan Kifina

Da na bar aiki a masaƙar Sharaɗa, tsarana sai suka kama kiwon tumaki. Ni kuwa, da yake na taɓa boko har aji huɗu, na ga bai dace in yi abin da kowa ke yi ba. Na sayo akwatin gilashi wurin wani mai kifin ado a Bompai, na zuba yashi, na dasa ciyawar ruwa, na saki 'yan kifaye jajaye. Murfin kuwa da hannuna na ƙera shi, da ragowar katakon tsohuwar ƙofar banɗaki. Fitila kawai ta rage.

A nan taubashina ya shigo, ɗan kawuna, mai kiwon kaji a Challawa. Ya zagaya akwatin yana shafa gemu kamar likita.

"Ɗan boko, ciyawa ɗumi take so. Bari in ba ka ƙwan lantarkin da nake ɗumama 'yan tsaki da shi."

Na karɓa har da godiya, na ɗaura a cikin murfin. Ranar kuma masu wuta suka yi abin kirki, tun safe ba su ɗauke ba. Na dawo daga ɗaurin aure na tarar katako yana wari, ruwa ya yi zafi, ciyawa ta yi laushi kamar alayyahun da aka tafasa, kifaye biyu sun juya ciki sama.

Kafin la'asar labari ya riga ni zuwa majalisarmu ta ƙofar masallaci. Ina isa taubashin nan ya miƙe, ya cire hula ya rusuna.

"Ku ba Sarkin Dahuwa wuri! Ranka ya daɗe, yau farfesu ne ko miyar ganye?"

Sunan ya zauna daram. Mai shayi ya ɗauka, masu adaidaita suka ɗauka. Matata ma, da na ce miyarta ta yi gishiri, cewa ta yi ai ga gwani a gida. Mutum ya yi furfura da mutuncinsa, a ce a tarihi shi ne wanda ya dafa kifi da lantarki? Na yi rantsuwa ba za a binne ni da sunan nan ba.

Na koma Bompai na yi ƙasa da kai. Mai kifin ya ce in nemi farar fitilar zamani, siririya, wadda ba ta zafi. In liƙa wa cikin murfin takardar azurfa don haske ya koma ƙasa, in huda ramuka don iska. Abu mafi girma, in kunna da hantsi in kashe da magariba, don in haske ya yi yawa gansakuka ce za ta ci gida. Na bi. Ciyawa ta miƙe shar, har da 'yan ƙwayoyin iska a ganyenta.

Taubashi ya zo kallo, ya kasa tafiya. Ba a jima ba ya sayo nasa akwatin, ya fi nawa girma, don shi haka yake tun muna yara. Sai ga shi a zaurena yana sosa ƙeya.

"Fitilar nan taka, yaya ake yi da ita?"

Na faɗa masa irin fitilar, gaskiya tsakani da Allah. Amma ku sani, gidansa na kan layin wutar kamfanoni, kuma babu abin da yake taƙama da shi a duniya kamar wannan. Ko da rana tsaka ba ya kashe ƙwan ƙofar gidansa, don masu wucewa su shaida.

"To kai naka kashewa kake yi?" in ji shi.

"Ni ai talaka ne, Alhaji, dole ce ta sa. Kai da wuta ke kwana a gidanka, me zai sa ka kashe? Ƙara ta biyu ma, ka matsa da akwatin bakin taga."

Na jira. Ban taɓa haƙuri mai daɗi irin wannan ba. Da matarsa ta tsegunta wa tawa cewa an daina ganin kifin, na ce wa 'yan majalisa Alhaji na gayyatarmu ganin abin mamaki. Muka ɗunguma bayan sallar Juma'a, har da mai shayi.

Ruwan ya zama kore fatau, kauri kamar a ɗiba da ludayi. Kifin na raye, na duba, sai dai in ɗaya ya goga hanci a gilashi ake sanin yana nan. Na cire hulata a hankali, na rusuna daidai yadda ya yi mini.

"Ranka ya daɗe, a kawo tuwon, ga miyar kuka ta nuna."

Limaminmu, da bai cika dariya ba, sai da ya dafa bango.

Yanzu in an ce Sarkin Dahuwa a majalisa, shi ke waigawa. Da yammar Juma'ar nan na aika masa da saƙon ya riƙa kashe fitila, don kifayen ba su yi mini laifi ba. Ƙwansa na 'yan tsaki kuma yana nan rataye a zaurena, ban mayar ba.