Fuskar Balthasar a Ƙarƙashin Tebur

A garin Weimar na ƙasar Jamus, zamanin da ake yaƙi da Faransa, duk wanda ke bin layin maɗaba'a ya san Ottilie Rennert da baƙin leɓenta. Lasar bakin buroshi ce ta mayar da shi haka, don ita ce mai shafa launin fata a hotunan mujalla. Hotunan na Ingila ne, zanen shaguɓe na ministoci masu tumbi da sarakuna masu ƙafar sauro. Mijinta Balthasar ke kwaikwayonsu a farantin jan ƙarfe, a buga, sannan mata masu shafa launi su jeru a benci kowacce da launinta: wannan ja, waccan shuɗi, Ottilie fuskoki. Ba wadda ta san ko su wane ne ake yi wa dariya, ba kuma wadda ta damu.

Takardun kan iso daga Landan a jiƙe, wani lokaci a yage. Idan wata fuska ta ɓace a hanya, Balthasar ba ya tsayawa tambaya, sai ya cike gurbin da ta wani ɗan gari. Mahauci ya shiga, mai kaɗa ƙararrawar coci ya shiga. A farantinsa na ƙarshe, tari na cinsa, gurbin wani talaka ne da ya tsuguna ƙarƙashin teburin manya yana jiran ɓarɓashi. Ya duba madubi ya zana kansa. Kafin a buga, an binne shi.

Talaka irinsa ba shi da hoto a bango. Wannan 'yar fuska, da ba ta fi farcen babban yatsa ba, ita kaɗai ta rage, ga shi Ottilie ta fara kasa tuno yadda hancinsa yake. Wannan ya fi mutuwar kanta tsorata ta.

Dokar bencin ita ce launi ruwa-ruwa, shafa ɗaya, a miƙa gaba. Amma da ta zo kansa sai ta ga ya yi fayau kamar ranar da aka wanke shi. Ta ɗauko farin fentin nan da ake kira farar dalma a ɓoye, ta kwaɓa da ja, ta ɗora masa da kauri. Fuskar ta yi haske, ta yi jini.

"Ke Ottilie, kwalliyar ango kike masa?" in ji Kunigunde mai shuɗi, wadda bakinta ba ya hutu. "Ya mutu ma ba za ki ƙyale shi ba? Miƙo mana, fentinmu na bushewa."

"Ji da shuɗinki, uwar surutu. Naki mijin da ke raye, kin taɓa ganin ya yi kyau haka?"

Haka ta yi wa kowane kwafi har tarin ya ƙare, mujalla ta bazu gidajen masu karatu. Farantin kuwa aka kankare shi, aka zana wani abu a kai.

Shekaru suka shuɗe. Nata kwafin yana manne a bango kusa da murhu. Ta fara lura da wani duhu-duhu a kumatunsa, kamar na wanda ya kwana biyu bai yi aski ba. Daga nan ya hau goshi. Ministoci suna nan jajur suna cin namansu, shi kaɗai ya yi baƙi a ƙarƙashin tebur, fararen idanu biyu suna kallonta. Masu sani suka ce farar dalma ba ta shiri da iska mai hayaƙin kwal. Ottilie ta ce ruɓewa yake yi karo na biyu, kuma da hannunta.

Sai ta shiga bin gidaje. Ta ƙwanƙwasa ƙofar likita, ta lauya, tana roƙon a nuna mata tsohuwar mujalla. Ko'ina baƙi ƙirin take samunsa. Matar alƙali ta ce ita tuni ta yage shafin ta jefa wuta, don yaranta sun daina shiga ɗakin. Mutanen garinmu kuwa, da ba su da sana'a sai gulma, suka fara tsallake titi in sun hango ta.

Can aka kwatanta mata wani fasto a ƙauye bayan tudu, wanda ke sayen mujallar ya ɗinke ya ajiye, bai taɓa karantawa ba. Ta taka har can. Ya ciro kundin daga ƙasan akwati.

"Iya, ni ban ma san me ke ciki ba. Buɗe ki gani."

Ta buɗe. Balthasar ne, da jininsa, da karkataccen hancinsa, da murmushin nan nasa na gefen baki. Ta fashe da kuka. Tausayi ya kama faston, ya ce ta tafi da shi, kullum ta buɗe ta gaisa da mijinta. Ta ɗago kai, sai ta ga hayaƙi na tasowa daga murhunsa. Nan take ta rufe kundin, ta kwance ɗankwalinta ta naɗe shi tam.

Ta kai shi gida, ba ta sake buɗewa ba har ta bar duniya. Da hantsi takan zauna da shi a cinya tana magana ƙasa-ƙasa, ta dakata kamar mai sauraron amsa, ta gyaɗa kai. Wata rana Kunigunde, da ita ma ta tsufa, ta zo gaisuwa, ta miƙa hannu ta ce bari ta leƙa sau ɗaya tak. Ottilie ta cafke mata wuyan hannu.

"Kar ki soma. Muddin ban dube shi ba, yana da rai."