Zabuwar da ta kwana uku

Tun da Rifkatu ta bar ɗakina a Alƙahira ranar Asabar wayarta a kashe take. Ina ta kira, babu abin da ke dawo mini sai muryar kakata, Inna Delu.

A garinmu Gubuchi, lokacin dafa mazarƙwaila, idan maza suka sauke tukunyar ƙarshe bayan isha'i, Inna takan jawo tabarma kusa da garwashin. Mu kewaye ta muna kankare ƙanzon da ya maƙale, hayaƙin tukar rake yana sa mu hawaye. Rifkatu 'yar maƙwabtanmu ce, iyayenta Kiristoci ne daga Gazara, amma a cinyar Inna take barci, har nakan yi kishi. "Matsa mata, sarkin rowa," in ji Inna, "cinyar taki ce?"

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita. Wai zabuwa ce ta sauka gidan kaza da fiffike a karye. Kaza ta gani, ta kau da kai, ta kawo ruwa da tsaba. 'Yan tsaki suka buɗe baki za su tambaya, ta tsattsare su da ido. Kwana ɗaya shiru, kwana biyu shiru. A safiya ta uku zabuwa da kanta ta ce an ɗana tarko a bakin sheƙarta, in ta koma ta mutu. Kaza ta share mata gefen akurki, ta zauna har fiffiken ya warke.

"Baƙo kamar tuwo yake a tukunya," Inna kan ce. "In kin yi ta buɗewa, gaya zai yi. Ki ba shi kwana uku, shi zai kira ki."

Rifkatu aikatau take yi a Iskandariyya, ni kuma ina jinyar wata tsohuwa a nan. Hutun kwana biyu aka ba ta. Ta iso daren Alhamis a rame, da riga mai dogon hannu duk da zafin nan. Na yi mata tuwo da kukar da nake ɓoyo. Muka yi hirar gida, ta tsokane ni wai har yanzu ban iya kaɗa miya ba. Da ta miƙa hannu ɗaukar gishiri na ga shatin rauni a wuyan hannunta, baƙi ƙirin. Ta ga na gani. Na ƙara mata miya.

A tasha ta riƙe ni ta ce, "Hajara, da ma gobe ce Asabar ɗin." Na ce ta dawo wata mai zuwa. Mota ta tashi.

Ban ga laifin Inna ba. A Gubuchi ba wanda ke yanke wa baƙo ranar tafiya, yana nan har bakinsa ya buɗe don kansa. Ba ta san akwai ƙasar da ake auna wa mutum hutu ba, balle ta gaya mana abin da kaza za ta yi in kwana biyu kawai aka ba zabuwa.

Ɗazu mahaifiyar Rifkatu ta kira daga gida. Muka gaisa, ta tambayi aiki da zafi, ta sa mini albarka don na riƙe mata 'ya. Sannan ta ce, "Ƙawar taki ta koma lafiya ko?"

Ina nan riƙe da wayar a kunne har katinta ya ƙare.