Ciyawar da Goggo ba ta gane ba

Goggo, yayar babana, ba ta ganin ganye ta ƙyale. Sai ta murza, ta sansana, ta ce tafasa ce ko lalo.

Da muka kawo ta jinya unguwarmu Longsight a Manchester, Ingila, ta ga wata ciyawa a bayan gidanmu. Ta murza, ta sansana.

"Ɗan nan, kar ka cire ta," in ji Goggo. "Bari na gane ta tukuna."

Ba ta kai ba. A Manchester muka binne ta.

Jiya na je ziyara, sai ga ciyawar nan a kan kabarinta. Na taɓa, na kasa cirewa. Har yanzu warinta mai ɗaci na nan a yatsuna.

Allah Ya jiƙan Goggo, Ya sauke ta a lambun da ta san sunan kowane ganye.