Afirikot ɗin Farfajiyar Baya

Tsohuwar da nake jinya ce ta ba ni shi, wata Baturiya mai taurin kai da ta haura tamanin. Ɗan dashe ne a tukunyar roba, bai kai ƙuguna ba. Ta ce sunansa afirikot, irin wanda sanyi ba ya kashewa, in na yi haƙurin shekara huɗu zan sha 'ya'yansa. Na rungumo shi a bas har gidanmu na unguwar Tompkinsville a nan ƙasar Turawa, na dasa a 'yar farfajiyar baya.

Da sanyin farko ya shigo, ganyen ya zube tas. Ni da na taso a zangon Kumasi, inda itace ba ya tsiraici sai ya mutu, hankalina ya tashi. Na naɗe shi da tsohon bargo, ina bin gindinsa da ruwan ɗumi. Da na gaya wa tsohuwar, sai da ta yi dariya har da tari. Ta ce in cire bargon nan, barci yake yi, kuma in bai sha sanyi ya ƙoshi ba, ba zai yi fure ba. Maigidana ma ya samu abin tsokana, ya yi mako yana kirana uwar itace. Da ɗumi ya dawo, da idonsa ya ga sabon ganye. Sau uku yana ganin haka.

Tsohuwar ta rasu ba ta ga furen ba. A shekara ta huɗu, farkon Maris, rassan suka yi 'yan ƙulle-ƙulle jajaye. Har hannun maigidan na ja na nuna masa. Washegari na tafi unguwar Parkchester zaman jegon ƙanwata.

Kwana goma na yi. Na dawo na tarar an baza tsakuwa a farfajiyar, tasin da yake haya da ita na zaune daram a inda itacen yake.

"Alhaji, ina itacena?"

"Ai ya bushe, ko ganye ɗaya babu." Bai ɗago ya dube ni ba. "Kuma kin san wahalar fakin a layin nan. Kullum sai na zaga sau biyar."

Da ya ce mini wurin yake so, da na yi faɗa, na yi kuka, wataƙila ma na haƙura. Amma ya jira na ba da baya, sannan ya yi mini ƙaryar da ya san na san ƙarya ce. Wannan ne ya ci mini rai, har yau kuma ban huce ba.

Na tsinto rassan a gefen shara, na tsoma su a bokitin ruwa na ajiye a kicin, don na kasa zubarwa. Kwana shida suka ɓarke da fure fari fat.

Ya shigo karyawa, ya tsaya yana kallo.

"Kai, furen nan da kyau," in ji shi. "A ina kika saya?"