Karen da ke Gindin Ginshiƙi

Ranar Talata, tara ga Maris 1666, ƙararrawar coci ta sanar da mutanen Delft cewa ka riga mu gidan gaskiya, Maigida Wybrand Koelewijn.

Shekara ashirin da biyu muna zanen hotuna tare, kowane allo mu biyu. Kai ka zana cikin coci, ginshiƙai da hasken taga, ni Lieven in zo in zuba mutane: masu sauraron wa'azi, mai haƙan kabari, tsofaffi masu gyangyaɗi. Sunanka kaɗai ake sawa a ƙasa, ban taɓa ɗaga murya ba. Ba zan ci haƙƙinka ba, kana da alheri. Shekarar da sanyi ya daskarar da magudanan ruwa ka ba ni tsohuwar rigarka. Ranar da muka binne matata Dieuwke kuma ka ba ni hutun rabin yini cur.

Hotonta ɗaya ne a duniya. Ni na zana ta a allonmu, zaune a gindin ginshiƙi tana shayar da 'yarmu. Mako biyu da rasuwarta ka tsaya gaban allon, ka kanne ido ɗaya.

"Lieven, matar nan ta tare min ginshiƙi. Shafe ta."

"Maigida, Dieuwke ce fa."

"Na sani mana. Sa kare a wurin, bai kai ta cin fili ba."

Da hannuna na shafe ta. Na sha gwada sake zana ta, fuskar ta ƙi dawo min. Ga shi 'yata har ta yi aure, ba ta san kamannin uwarta ba. Ban yafe ba, Maigida, shiru kawai na yi.

Bayan jana'izarka uwargidanka Machteld ta kawo min zanenka na ƙarshe. Ka zana dutsen kabarinka a daɓen coci, da sunanka ɓaro-ɓaro, ka bar fili kewaye da shi.

"Wasiyyarsa ce, Lieven," in ji ta. "Cika wurin da masu makoki, jikoki su ga yadda gari ya yi kukansa."

Na gama aikin jiya. Ban sa mutum ko ɗaya ba, kada su tare maka ginshiƙi. Karen nan na sa, ya ɗaga ƙafa yana fitsari a kan sunanka.

Allah ya ba Machteld da 'ya'yanka haƙuri, za su buƙace shi gobe in an yaye ƙyallen da na rufe zanen da shi. Kai kuma Allah ya jiƙanka, ya ba ka wuri a inuwar rahamarsa, inda ba za ka tare wa kowa komai ba.